Kokon Iya Abike

Shekara uku da samun mulkin kai, a wata unguwa bayan gidan gurzar auduga na Funtua, Ladidi matar Maharazu manomi ta yaye ɗanta na uku. Biyun farko duk bayan yaye suka koma, shi ya sa ko da liman ya raɗa wa wannan Abubakar, ba mai kiransa haka. Tsofaffi suka ɗora shi kan juji suka ɗauko, aka ce Ajuji, wai ko mutuwa za ta raina shi ta wuce. Ladidi kuwa ko riga ba ta taɓa sa an ɗinka masa ba, sai dai ta ɗaura masa guntun zane. Ta san zafin naɗe 'yar rigar da mai ita ya tafi ya bari, don biyu na nan a ƙasan adakarta.

Kada fa a ce ba ta kula da shi. Kulawar ce ma ta yi yawa. Gasarar kokonsa sai ta tace ta sau biyu da farin ƙyalle, ta fito tas, ba tsaki ba dusa. Wake? Allah ya kiyaye, ai abincin ƙarti ne, kumbura ciki yake yi. Ƙwai kuwa kowa ya san yaron da ya saba da shi ɓarawo zai zama. Nono na sa shi gudawa, nama kuma baƙo ne a gidan Maharazu, sai Sallah. Saboda haka koko da safe, koko da rana, koko da yamma.

Cikin wata biyu kumatun yaro suka ciko, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Maƙwabta na ta cewa, “Tubarkalla, Ajuji ya yi ƙiba!” Ladidi ta ji daɗi, duk da ta lura ya daina dariya, gashinsa kuma ya yi ja kamar gemun masara.

Ana nan sai Iya Abike ta shigo awon wake. Bayarabiya ce daga Ogbomosho, shekara ashirin tana suyar ƙosai a bakin tasha, kuma a rumbun Maharazu take sayen wakenta. 'Ya'ya bakwai ta haifa, ba ta binne ko ɗaya ba. Hausarta dai har yanzu ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a wurinta, amma idonta ba ya kuskure. Ta ajiye kwarya, ta tsuguna gaban yaron, ta danna babban yatsanta a ƙaurinsa. Da ta ɗaga, wurin ya lotsa, ya ƙi tasowa.

Ta ce, “Amarya, wannan ba ƙiba ba ne. Ruwa ne. Yaronka yunwa yake ji.”

Ladidi ta fizge ɗanta. “Haba Iya, bakinki ya sari ɗanyen kashi! Yunwa a gidan da rumbu uku ke cike?”

Amma ta tuna haka biyun can suka yi ƙiba kafin su tafi.

Washegari Iya ta sauke kaskonta da wuri, ta nemi iznin Maharazu, ta tasa Ladidi gaba har ɗakin shan magani. Malam Pius mai ba da magani ya duba yaron, ya girgiza kai, ya ce a ba shi nama da ƙwai da madara kullum. Ladidi ta fito, ta ji kamar an ce ta kawo nonon kura.

A hanyar komawa suka ratsa ta gefen gonar Maharazu. Dawa ta fitar da kai, wake na yaɗo a ƙarƙashinta. Iya ta tsaya ta nuna da haɓa.

“Ka duba. Mijinka ya taɓa shuka dawa ita kaɗai?”

“A'a, Iya.”

“To, tare suka tashi a gona, me ya sa kake raba su a cikin yaro? Wake yana rumbunka, ni nake kwashewa ina ciyar da 'yan lodin tasha, naka yana mutuwa!”

Daga ranar Iya Abike ta mai da gidan wurin zuwanta kowace hantsi. Ta jiƙa wake, ta murje ɓawon tsaf, ta ce shi ne mai kumbura ciki. Ta shanya, ta soya sama-sama, ta niƙa. Ludayi uku na garin dawa, ɗaya na wake, ɗan garin ƙuli-ƙuli, a dama a bar shi ya dahu sosai. Farin ƙyallen nan kuwa ta naɗe shi ta soke a danga. In yaro ya kau da kai sai ta yi ta masa waƙar Yarabanci da rawar kafaɗa, har ya buɗe baki don mamaki, ta zura cokali. Masu cin ƙosanta suna ta ƙorafi a tasha, ko a jikinta. Irin wannan mace, in ka same ta maƙwabciya, ka gode wa Allah.

Sai dai a mako na biyu kumburin ya saɓe, Ajuji ya fito a ainihinsa, haƙarƙari a waje, wuya kamar sillen kara. Nan fa baki ya buɗe a unguwa, wai Bayarabiya ta tsotse yaro da wakenta. Maharazu kansa ya shigo ya ce, “Ladidi, anya ba a koma wa kokon da ba? Da can ai da kumarinsa.”

Ladidi ta dubi ƙyallen da ke danga, ta dubi ɗanta. Tsoro ya cika ta, don in ya mutu yanzu, ita da Iya za a ɗora wa. Amma ta tuna sau biyu tana bin ƙyallen nan, sau biyu yana kai ta ga kuka.

Ta ce, “Malam, ka yi haƙuri. Waccan hanyar na san inda take ɓullewa.”

Ta ɗauki ludayi ta auna uku da ɗaya.

Da suka koma wurin Malam Pius bayan kwana arba'in, ya ɗora yaron a sikeli, ya sake ɗorawa, ya tambaye su wane mahauci suka samu. Iya ta bushe da dariya ta gaya masa. Sai ya ce a makaranta an koya musu cewa abin da ke gina jiki kashi-kashi ne, wanda dawa ta rasa wake na da shi, wanda wake ya gaza dawa ta cika, in sun haɗu sai su tsaya a madadin nama. Ya ce shi a takarda ya bar abin, ita ta sa shi a tukunya. Iya ta danna yatsa a ƙaurin yaron, naman ya taso nan take, shi kuma ya kai mata duka yana ƙyalƙyala dariya.

Ran kasuwa Ladidi ta ba Maharazu yadi, ta ce ya kai wa tela a ɗinka wa yaron riga. Ya miƙa hannu zai auna yaron da taƙi, ta riƙe hannun.

Ta ce, “Ka ce ya sake ta sosai, har ta wuce gwiwa. Abubakar zai girma ya cika ta.”