Munduwar Inna a Tukunyar Sanholo

Shekarar da fari ya cinye mana shanu a Sule Tankarkar, ita ce mahaifinmu Baffa ya rasu. Abin da ya bar wa Innarmu Yelwa munduwar azurfa ce, wadda ya sayo mata a Maigatari tun tana amarya. Da ta fita takaba ta buɗe kwalla, sai ga munduwa baƙa ƙirin kamar gindin tukunya.

Inna ta goga da toka, ta goga da tsamiya, a banza. Wata maƙwabciya mai bakin tsiya ta leƙa ta ce, "Ayya Yelwa, azurfar gaske ba ta haka."

Shi ke nan. Inna ta daina kiran sunan Baffa a addu'a, ta daina dama furar sadakar da take yi masa ran Juma'a. Wai mutumin da ya yi mata ƙarya ran farko, me kuma ya rage? Wallahi abin ya ci mini rai.

Ana haka ƙanena Sa'idu ya dawo hutu daga sakandare, da gajeren wandonsa da iyayinsa. Ya shinshina kwallar ya ce, "Adda, me ake ajiyewa a nan?"

"Farar wutar da ake shafa wa awaki in sun yi ƙirci."

"To ita ce ta kama azurfar. Ba ni tukunyar sanholo da kanwa."

Na ce, "Miya za ka yi mana, likita?"

Ya tafasa ruwan kanwa, ya jefa munduwar har ta zauna a gindin tukunya. Ya ce a ajin kimiyya aka koya musu: akwai wasu ƙwayoyi da ido ba ya gani, wani ƙarfe ya bayar, wani ya karɓa, kuma ba a taɓa yin ɗayan ba tare da ɗayan ba. Azurfa ta yi asarar nata ga farar wuta, yanzu sanholo zai mayar mata. Ni dai ban gane ba, na tsuguna ina kallo.

Wari ya tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Sai baƙin ya fara janyewa, ba wanda ya goga, ba wanda ya taɓa. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, "La ilaha illallahu! Inna, fito ki ga ikon Allah!"

Ta fito, ta sunkuya. Farin na bin munduwar a hankali, har zanen da maƙeri ya yi mata ya bayyana.

Ta ce, "Sa'idu, da ta ƙarya ce fa?"

"Da ba ta dawo haka ba, Inna."

Ta tsamo ta da ludayi, ta zura a hannu tun da ɗuminta. Hawaye suka sauko mata. Sannan ta dube ni ta ce, "Fadimatu, jiƙa gero. Juma'a nawa na hana bawan Allahn nan furarsa?"