Tsatsar Takobin Baba Sabo

A gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba.

Hajja Kaltuma, maƙwabciyarmu a unguwar Ƙurban ta birnin Manzon Allah, ta riga ta yanka lemon tsami ta ɗebo toka da soso don goge wani takobi lokacin da muryar mijinta Baba Sabo ta fito daga kan gado.

"Kaltu, ajiye soson nan."

"Baƙo ya zo ya tarar da wannan dauɗar? A gidana?"

Takobin na kan cinyarta, an zare masa ƙota, gindin ƙarfen baƙi ƙirin da tsatsa. Baba Sabo ya saye shi a Jidda yana saurayi, wajen wani ma'aikacin jirgin ruwa. Tun lokacin yake rantsuwa tsohon takobin Japan ne, abokansa kuma suna ce masa lauje ne na yankan dabino a gonakin Awali. Yanzu likitoci sun sallamo shi gida. Abu ɗaya ya rage masa: ya ji wani ya shaida bai yi ƙarya ba.

Kaltuma ba ta yarda da takobin ba, amma ta ajiye soson. Duk zaman aurensu, nan ne kaɗai wurin da sosonta bai taɓa kaiwa ba.

Bayan la'asar ɗansu Habu ya shigo da baƙon, Abdallah, Musulmi ɗan Japan mai sana'ar duba tsofaffin takubba, wanda ya zo Umra suka haɗu a masallacin Ƙuba. Abokan Baba suka biyo baya, har da mu 'yan kallo.

Baƙon ya ɗaga kaifin wajen taga, ya bi wani farin layi mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Sannan ya dubi gindin, ya karanta rubutun da aka sassaƙa: sunan maƙerin da garinsu. Yana Larabci, Habu na juyawa.

"Ya ce suna ana iya satarsa, Baba. Tsatsar ce ba a iya ƙirƙira. Irin wannan baƙin, sai ƙarfe ya kwana ɗaruruwan shekaru. Da an goge, shi ke nan, ba mai iya shaida."

Baba Sabo ya juyo da kai a hankali wajen abokansa. "To, masu lauje. Wa zai fara?"

Ɗan'auta, shugaban masu tsokanar, ya cire hula. "Mun ci ƙasa, Alhaji."

"A shaida dai," in ji Kaltuma daga bakin ƙofa, "ni ce ban goge ba."

Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ranar Juma'a ya cika, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a.

Da na kai musu gahawa ranar zaman makoki, na hango Hajja a kicin. Kowace tukunya tana walƙiya. Takobin na kan cinyarta, tana naɗe baƙin gindin da rawanin Baba. Na ajiye butar, na ɗauki takalmana a hannu, na fice.