Waƙar Mai Agogo

"Ku kashe! Na ce ku kashe abin nan!"

Kafinta ya daka tsawa, amma wa zai ji shi? Matasan coci sun jingine lasifika a jikin ƙafar gado, mai kibod ya rufe ido yana kaɗa kai, mai jita ya kusa ture kwanon magani. A kan gadon kuwa Mai Agogo na dukan katifa da hannun hagu, hannun da ya rage masa mai motsi, yana duka yana huci.

"Baba, rawa yake yi," in ji mai kibod. "Ka ga yana bin kiɗan."

"Rawar gidanku. Korarku yake yi."

Kafinta ya sunkuya ya fizge waya daga soket. Ɗakin ya yi tsit. A cikin shirun sai tsohon ya sake ɗauko abin nasa, ta gefen bakin da bai karkace ba: wani gunaguni mara kalma, ya hau kaɗan, ya tsaya wuri ɗaya, ya sauko kaɗan, kamar ƙudan zuma a cikin kwalba. Da ya kai ƙarshe ya zuba musu ido yana jira.

"To, ai ita muka yi," in ji mai jita.

"Ku kwashe kayanku," in ji Kafinta. "Allah ya yi muku albarka, amma a waje."

Katanga ɗaya ce tsakanin shagon Kafinta da ɗakin Mai Agogo. Tun da ɓarin jikin tsohon ya shanye, magana ta ɗauke, likita ya ce a mai da shi gida ya huta, wannan gunaguni ne kaɗai ya rage masa. Da fari 'yarsa Auta ta zaci nishin ciwo ne. Kafinta ne ya lura hawa da saukar ba sa canzawa, kuma kullum in ya gama sai ya kalli mutum. Waƙa yake so a rera masa. Wacce ce, shi ne ba wanda ya sani. An ba shi biro a hannun hagu, ya yi zane kamar kaza ta taka tawada, ya jefar.

A cocinsu na Lutheran babu abin da ba shi da ƙungiya. Akwai zumuntar mata, akwai ta maza, ga matasa, ga mawaƙa, ga masu ziyarar marasa lafiya, har da kwamitin da ke tsara ranar da kowace ƙungiya za ta yi ziyara. Mai Agogo ba ya cikin ko ɗaya. Shekara da shekaru bencin baya yake zama, kusa da taga, ba a taɓa ganin bakinsa ya motsa lokacin waƙa ba. Saboda haka kowace ƙungiya ta tabbata waƙar tata ce.

Shugaban mawaƙa ne ya fara zuwa, wanda kowa ke kira Doremi. Ya zo da littafin waƙoƙi a hammata, ya saurara da hannu a bayan kunne, ya rera wannan, ya rera waccan, har tsohon ya juya fuska bango. Ya fito yana cewa, "Wannan ba ta cikin littafi. Ina jin ba waƙa ba ce ma."

Sai 'yan zumuntar mata suka zo da gangunansu, suka cika ɗakin har Auta ta rasa inda za ta ajiye buta. Suka yi ta yi, tsohon ya yi ta dukan katifa, hawaye na bin kumatunsa. Ran Lahadi Uwar Zumunta ta miƙe a gaban jama'a ta ba da shaida cewa sun gano waƙar, ɗan'uwanmu ya yi kukan farin ciki. Coci ya ɗauki tafi.

Kafinta bai tafa ba. Ya tare ta a bakin ƙofa.

"Uwa, kukan takaici ne fa. Ina wurin."

"Kai ka shiga zuciyarsa?"

"Ban shiga ba. Amma jiya da yamma ma yana yi."

"To, ya ji daɗinta ne yake maimaitawa. Kai da ko tafi sai an ƙirga maka?"

Wannan kam ta taɓa shi inda yake ciwo. A zumuntar maza an daɗe da roƙonsa, cikin ladabi, ya riƙa motsa baki kawai in ana waƙa. Ranar da ya ɗauki waƙar a kansa zai kai wa Fasto, yana tsallake titi wani mai babur ya danna hon, kafin ya isa ofis ta rikiɗe ta zama wata aba dabam. Fasto ya saurara da haƙuri, ya yi masa addu'a, ya ce ya sha ruwa.

Yanzu ga matasa ma sun tafi. Auta ta zauna a dokin ƙofa ta dafe kai.

"Kawu, mu bar shi haka. Na gaji da share ɗaki bayan baƙi. Kowa ya zo ya yi hidimarsa ya tafi da murna, ni ce nake kwana da shi."

"In mun bar shi, shi zai bari?"

"To me zan yi? Ni ban taɓa jin Baba yana waƙa ba tunda aka haife ni. Tun jiya ko ruwa ba ya wuce masa sosai."

Kafinta ya koma shago ya ɗauki katako, amma aikin ya ƙi tafiya. Ta cikin katanga gunagunin na zuwa, ya fi na jiya rauni. Abin ya tsaya masa a rai. In mutum ya roƙi abu, ba wanda ya gane, alhakin yana kan wa? Kuma ƙaryar da ta faranta ran coci guda, wanda aka yi wa ita kuma ba shi da bakin musantawa, wace irin ƙarya ce? Ya juya ta nan, ya juya ta can, bai sami inda za ta zauna ba. Ƙarshe ya zari guduma da ƙusoshi, ya ce gara ya je ya gyara bencin cocin da aka daɗe ana damunsa da shi, ko ya huta da jin katangar.

Ya tarar mawaƙa na koyon waƙa. Ya wuce can baya, ya kifa bencin, ya kama aiki. Doremi na ta buga sanda a kan tebur.

"A'a, a'a! 'Yan alto, ku ne kuke ɓata ta. Kowa ya yi shiru. Murya ta biyu kaɗai, daga farko."

Mata uku suka miƙe. Suka fara, ba kiɗa, ba sauran muryoyi. Ta hau kaɗan. Ta tsaya wuri ɗaya. Ta sauko kaɗan.

Guduma ta faɗo wa Kafinta a kan yatsan ƙafa, bai ma ji ba.

"Ita ce!"

"Ita ce wa?" in ji Doremi. "Kafinta, muna aiki."

"Waƙar Mai Agogo! Ita ce wannan!"

Doremi ya cire tabarau ya goge. "Wannan ba waƙa ba ce, alto ne. Rakiya ce kawai. Ita waƙar tana wurin murya ta ɗaya. Wannan ɗin ma na rera masa ita da bakina, ya juya mini baya."

"Ta sama ka rera masa. Shi ta ƙasan yake so."

"Wa zai so ta ƙasa? Duk alto ai kamarsu ɗaya."

Babbar cikin matan uku, wata tsohuwa da kowa ke ce wa Goggo, ta rufe littafinta a hankali.

"Matarsa," in ji ta. "Marigayiya. Nan take tsayawa, kafaɗarta a jikin tawa, tun kafin a kawo ka, Doremi. Ba ta iya karanta waɗannan ɗigon naku ba. Da baki take ɗaukar nata ɓangaren ta tafi gida ta yi ta maimaitawa har ya zauna. Ta rasu Auta na goye. Shi ai abin da ya ji a gidansa ke nan, a wurinsa ita ce waƙar."

Doremi ya gyara murya.

"To, madalla. Ran Lahadi bayan sujada sai mu je gaba ɗayanmu, da riguna, mu yi masa ita cikakkiya, muryoyi huɗu. Zan sanar da kwamitin ziyara, don wannan makon na zumuntar maza ne."

"Lahadi?" in ji Kafinta. "Mutumin da ruwa ba ya wuce masa? Kuma wa ya ce maka huɗu yake so?"

"Akwai tsari, Kafinta. Ba za a ce mawaƙan cocin nan sun raka mutum da rabin waƙa ba. Rabi ma bai kai ba, kwata ne."

"Kwatan yake nema!"

Goggo ta riga ta rataya jakarta. "Ni dai ƙafata ba ta jiran kwamiti. Ku biyu, ku taso."

Suka bi titi, Kafinta a gaba yana ɗingishi, matan a tsakiya, Doremi can baya yana mita da sandarsa a hannu. Da Auta ta gan su ta tare ƙofa da jikinta.

"Kawu, don Allah. Kuma?"

"Uku ne kawai. Ba ganga, ba lasifika."

Tsohon na kwance ido rufe, numfashi sama-sama. Matan suka jera a gefen gado, Goggo ta ba da murya, suka fara. A ɗan ƙaramin ɗakin abin ya fito tsirara, ba daɗi, ba ado, kamar an cire wa gida rufi an bar ginshiƙai. Auta ta kalli Kafinta.

"Wannan ce? Wannan abin?"

Mai Agogo ya buɗe ido. Hannun hagun ya ɗaga, Kafinta ya ce a ransa shi ke nan, an koma gidan jiya. Amma bai daki katifa ba. Ya sauke shi a hankali, ya sake ɗagawa, ya sauke, yana ja musu waƙar baya. Sauri suke yi. Goggo ta gane, ta rage.

A bakin ƙofa Doremi ya kasa daurewa. Ƙirjinsa ya cika, ya buɗe baki zai ɗora ta sama. Kafinta ya taka masa ƙafa da dukan nauyinsa, bai ɗaga ba sai da baitin ya ƙare.

Tsohon bai yi murmushi ba, bai yi kuka ba. Da suka gama ya murza yatsa, a sake. Suka sake. Ƙaramar cikinsu ta kauce a wani wuri, ya harare ta. Suka sake.

"Oh ni," in ji Goggo, tana shafa maƙogwaro. "Haka yake tun yana saurayi, ko sannu babu."

"Goggo," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa, "haka Mama take yi?"

"Ta fi mu murya. Sai dai kullum tana riga kowa shiga. Zo nan, tsaya kusa da ni, ba wuya."

Auta ta tsaya inda aka nuna mata. A zagaye na gaba muryoyin suka zama huɗu, duk a layi ɗaya. Kafin su kai ƙarshe hannun ya kwanta a kan bargo, tsohon ya yi barci.

Washegari da hantsi ya cika, Auta na shanya a tsakar gida. Kafinta na shago, sai ya lura tun safe katangar ba ta ce komai ba.

Ranar jana'iza ƙungiyoyi suka yi ta cacar baki a kan wa zai fara. Uwar Zumunta ta ce su suka gano waƙar, matasa suka ce su suka kawo lasifika. Doremi ya yi nasara, ya jera mawaƙansa cikin riguna, ya ɗaga sanda, muryoyi huɗu suka tashi tare da kibod. Ta yi kyau ƙwarai, mutane na share hawaye. Kafinta ya kasa kunne daga layin maza, ya nema, ya nema, bai ji ta ƙasan ba. Ta sama ta rufe komai.

Ya fita daga layi, ya ratsa ta gefen benci, ya je ya tsaya dab da bayan matan nan uku.

"Kafinta," Uwar Zumunta ta yi masa raɗa da ƙarfi, "wurin maza can ne."

Bai juya ba. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ya sunkuyar da kai daidai kafaɗar Goggo, ya rufe ido.