Kadan da Ba Shi da Laifi

Ranar Talata ce, ruwan sama ya ɗauke da hantsi, kogin Lupar ya cika ya yi jawur. Empaling na wanke taru a mashaya sai kada ya fizge shi. Ƙara ɗaya aka ji.

Yayansa Ngelai bai yi kuka ba, adda ya wasa.

Mutanen dogon gidansu, gida ɗaya da duk ƙauyen ke zaune a ciki, ba sa taɓa kada. Kaka suke ce masa. Sai wanda ya ci mutum ake kashewa, shi kaɗai, a farke cikinsa kowa ya ga shaida, a binne abin da ya saura na mamacin. Abin da Ngelai ke nema ke nan, ko ƙashi ɗaya ya kai wa uwarsu.

Aki Umpang, tsohon da ya san aikin, ya soka mushen biri a ƙugiya ya rataye bakin ruwa. "Kaka, mai laifi ya zo ya ci. Saura ku wuce abinku."

Washegari igiyar ƙugiyar ta yi nauyi. Aka jawo ƙaton kada kan laka, Ngelai ya sare shi a ƙeya har jini ya wanke masa fuska. Aka farke ciki: duwatsu da ƙwaryar kififiya.

"Mun kashe mara laifi," in ji tsohon. "A yanka alade a ba kadoji haƙuri."

"Haƙuri?" in ji Ngelai. "Aki, tsufa ya cinye maka zuciya tare da haƙora!"

"Haƙorana sun zube, jikana, amma ƙafafuna biyu suna nan."

Ngelai ya kashe na biyu, ya kashe na uku. Ba Empaling. Samarin da ke taya shi suka janye jiki. Da ya tura kwalekwale zai bi na huɗu da mashi, tsohon ne kawai ya shiga, yana roƙonsa su juya.

A tsakiyar kogi wutsiya ta daki kwalekwalen ya kife. Ngelai ya ji an datse masa gwiwa, ana murɗa shi kamar wanki. Ya caka yatsu cikin idon kadan, ya ja jiki zuwa gaɓa da abin da ya rage masa. Tsohon bai ɓullo ba.

Empaling, ba gawa. Aki Umpang, ba gawa. Kadoji uku, kwalekwale ɗaya, da ƙafar Ngelai ta hagu, duk sun salwanta.