Jinin Abokan Kafinta

Matar kafinta ba ta taɓa son abokan mijinta ba. Kullum da yamma suna kan benci a ƙofar shagonsa suna buga kati, suna cika layin da dariya. Akwai Tsohon Soja, wanda ba a taɓa ganin ko hotonsa da kaki ba. Akwai Kwandasta, da ya daɗe da barin bin mota amma sunan ya ƙi barinsa. Sai wani dogon siririn mai gyaran rediyo da ake kira Eriya. In ta dawo daga otal ɗin da take aikin guga ta bi ta shagon, sai su haɗa baki su ce, "Sannu da dawowa, matarmu."

"Ni ba matar marasa aikin yi ba ce," in ji ta, ta wuce ko waiwaye babu. Mijin ya yi ta dariya yana kakkaɓe garin katako daga gashinsa.

Ciwon ya fara ne da kasala. Ya ɗauki zarto, bai raba katako biyu ba ya ajiye yana haki. Daga baya dasashinsa ya soma jini, zazzaɓi ya zo ya zauna. A asibiti likita ya zaunar da ita, ya gaya mata ɓargon mijinta ya daina yin jini. Za a riƙa ƙara masa na wasu, in ya ƙare a sake ƙarawa. Ta tambaya har zuwa yaushe. Likitan ya dubi hannuwansa, ya ce a yi ta addu'a.

Dokar wurin kuwa, kowace ledar jini aka ɗaura wa mutum sai ya kawo wanda zai mayar da madadinta. Ita ta ba da na farko. Ƙanin mijin ya ba da na biyu, daga nan wayarsa ta daina shiga. Aka rufe shago. Ba ta nemi 'yan benci ba, don ta tabbata sun riga sun sami wata ƙofar sun shimfiɗa katinsu.

Wata safiya tana zaune a barandar ɗakin maza, nas ta gama gaya mata cewa yau in ba a kawo mutum ba babu jini, sai ta ji ana gardama a bakin ƙofa. Muryar Tsohon Soja ce, yana gaya wa mai gadi cewa shi ya tsare ƙofofin da suka fi wannan. Suka shigo su uku, Kwandasta har ya riga ya naɗe hannun rigarsa.

"Matarmu, haka ake yi?" in ji Eriya. "Sai a bakin mai faci za mu ji?"

Ta ce ba ta so ta ɗora musu nauyi ne.

"Wane nauyi? Jinin nan zaman banza yake yi a jikinmu, ke ma shaida ce. Gara ya sami aiki."

Aka kai su ɗakin ɗibar jini. Tsohon Soja na ganin allura ya fara ba nas labarin fagen daga, bai kai ƙarshe ba ya sulale daga kujera. Sai da aka yi masa fifita ya farfaɗo, ya ce barci ne ya ɗauke shi. Da aka ba kafinta labari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita ma ta yi, ta farko tun da aka kwantar da shi.

Ba su tsaya nan ba. Da aka ce jikinsu na bukatar hutu kafin a sake ɗiba, suka riƙa jawo mutane: mai faci, mai wankin mota, wani ɗan dako da bai ma san kafinta ba. Duk sanda aka ɗaura sabuwar leda sai leɓɓan kafinta su yi ja, ya tashi zaune, ya ce a raba kati a kan bargo. Ya yi maganar kabad ɗin da ya bari ba ƙofa, da yadda zai gama shi in ya fita. Bayan 'yan kwanaki sai fuskar ta sake yin fari, hannun ya kasa riƙe kati. Kwanakin sauƙin suka yi ta raguwa. Tana kallon jinin mutane na sauka ta siririyar roba yana shiga jikinsa, ta san ruwa ake zubawa a kwando, amma ba ta faɗa wa kowa ba. Su ma sun sani. Ta gane haka ne ranar da ta ga Kwandasta a bayan tankin ruwa ya kifa kansa a bango.

Kafinta ya rasu da hantsi, tana matse masa tsumma a goshi.

Ƙaninsa ya bayyana a ranar. Bayan an watse daga jana'iza ya zo da mota ya kwashe kayan aiki, har da bencin, ya ce zai adana. Mai shagon ya ba wani mai sayar da waya hayarsa. Abokan suka zo gaisuwa, suka zauna a ƙofar gida, ba wanda ya kira ta matarmu. Daga baya ƙafarsu ta ɗauke. Ta koma teburinta na guga, tana goge zannuwan gadon baƙin da ba ta taɓa gani ba.

Akwai keken marasa lafiya da asibiti ya ara musu tun kafin a kwantar da mijin, yana jingine a bayan ƙofarta, ta kasa taɓa shi. Ranar da ta iya, ta tura shi ta mayar. Tana fitowa ta ga wata tsohuwa a daidai inda ita ta saba zama lokacin jinya, ta rungume ƙullin kaya, tana bin kowane mai farar riga da ido.

"Mama, wa kike jinya?"

"Ɗana ne, 'yata. Injin masana'anta ya kama masa ƙafa. Sun ce a kawo mai ba da jini. Ni daga nesa na zo, ban san kowa ba a garin nan. Na ce su ɗebi nawa, sun ce na tsufa."

Matar kafinta ba ta yi shawara da kowa ba, ta nufi ɗakin ɗibar jini. Nas ɗin ta gane ta. Ta ja fatar idonta ƙasa ta duba, ta soki yatsarta ta gwada, sannan ta girgiza kai.

"Ke kanki saura kaɗan a ɗaura miki. Yaushe rabonki da cin abinci sosai?"

Ta roƙe ta, ta ce ko rabi ne a ɗiba. Nas ta ce ba a yin haka.

Ta fita nemansu. Rumfar Eriya a rufe take, makwabcinsa ya ce ya bar garin, tunda yanzu ba mai kawo rediyo gyara. Tsohon Soja ta same shi kwance a ɗakinsa, ƙafafu sun kumbura, hawan jini ya kayar da shi. Ya yunƙura zai tashi, ta ce ya kwanta. Kwandasta ta samo a tasha, yana wanke tayoyin wata bas da wandonsa a naɗe.

Ta gaya masa. Ya tambaya ko ɗan'uwanta ne. Ta ce ko sunansa ba ta sani ba.

Ya daɗe yana kallon bokitin. "Wancan karon ma ai mun bayar," in ji shi a hankali.

"Na sani."

Ya wanke hannunsa, ya saukar da ƙafar wando, ya bi ta.

Aka ɗaura wa ɗan tsohuwar jinin da yamma. Ya buɗe ido, ya gane uwarsa, ya nemi ruwa. Tsohuwar ta kama hannun Kwandasta da hannu biyu tana sa masa albarka har ya rasa inda zai sa fuskarsa. Amma raunin ya riga ya ruɓe, gubar ta bi jiki. Da matar kafinta ta dawo washegari da ruwan zafi a flas, ta tarar an yaye zanen gadon, ana goge katifar roba.

Tsohuwar na baranda, ba ta kuka. Masana'antar ta turo motar da za ta kai gawar gida. Matar kafinta ta ninke mata kayan ɗanta, riga da takalmi ƙafa ɗaya, ta ɗaure ƙullin, ta riƙe ta har bakin motar.

"Allah ya ba ki mai yi miki, 'yata," in ji tsohuwar. "Ki gaya wa yaron nan jininsa bai tafi a banza ba. Ɗana ya kira ni Mama kafin ya tafi."

Matar kafinta ta bi ta tasha. Kwandasta na hango ta ya ajiye soso. Bai tambaya ba, fuskarta ta gaya masa. Ta isar masa da saƙon tsohuwar. Ya gyaɗa kai, ya shafa inda aka soke shi.

"In an sake samun wani, kin san inda nake," ya ce. "Sai dai a ba ni lokaci jikin ya tara."

Wani direba ya ƙwala masa kira, ya ɗauki bokitinsa ya tafi.

Ta isa otal rana ta yi sama. Shugabar ɗakin wanki ta tare ta a ƙofa, ta ce ta yi haƙuri da fashinta duk tsawon jinya, amma jiya da yau sun yi yawa. Ta leƙa ciki. Wata mata da ba ta sani ba na tsaye a teburinta, tana yayyafa wa zanen gado ruwa. Aka ce ta dawo wani satin a ga ko akwai gurbi. Ta ce to, ta cire rigar aikin da ta fara sawa, ta rataye a ƙusa, ta fita ta ƙofar baya.