Jan Fayil Na Ƙarshe

Akwai ciwon da ba a kwantar da mutum a asibiti saboda shi, amma yana kayar da mai shi ƙasa warwas: son a ce kai ka fara ji. Shi ne ciwon masinjan ofishin majalisar ministoci, wanda abokan aiki suka laƙaba wa Kunnen Gwamnati, shi kuma yake amsawa har da gyara wuyan riga.

Ran Larabar nan yana zaune a bakin ƙofar zauren taro, yana kallon ministoci suna wucewa, kowa da ɗan allon gilashi a hammata. Wata uku ke nan da aka daina aiki da takarda. Da can shi ke ɗaukar jajayen fayiloli ya bi ofis-ofis yana rabawa. Shekara ashirin da bakwai yana wannan aiki, kuma babu fayil ɗin da ya taɓa isa hannun mai shi bai yada zango a matattakalar bene ba, tsakanin hawa na biyu da na uku, inda taga ke ba da haske mai kyau. Nan yake kwance zaren, ya karanta leɓensa na motsi, ya mayar da ƙullin yadda ko wadda ta ƙulla ba za ta gane ba. Kafin rediyo ya buɗe baki, teburin mai shayi na bayan ma'aikata ya riga ya sha labari ya ƙoshi.

Yanzu komai ya koma cikin allon. Sai minista ya ɗora yatsa, ya buga lambar sirri, sannan takarda ta bayyana. Na'urar kuma tana rubuta wanda ya buɗe, da lokacin da ya buɗe, da minti nawa ya yi a kai. An ce har ministoci biyu sun fara karatu saboda kunya. Masinja ya taɓa gwada nasa yatsan a allon ministan noma, lokacin da mai girma ya zagaya ban ɗaki, abin ya tsala ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Tun daga ranar yake ce masa faranti marar tarbiyya.

A watan farko, in an tambaye shi labari, sai ya lumshe ido ya ce bakinsa da nauyi. A wata na biyu direbobi suka gano shi, suka fara cewa kunnen gwamnati ya toshe, a nemo tsinke. Mai shayi ma, da yake ajiye masa kujera mai jingina, ya bar kowane ƙato yana ɗare ta.

Yana cikin wannan baƙin ciki Sakatariyar majalisa ta leƙo ta yafuto shi. Mace ce marar yawan magana, ita ta kawo tsarin allunan. Ta miƙo masa jan fayil ɗaure da zare. Ya karɓa hannu bibbiyu, kamar wanda ya ga tsohuwar budurwarsa.

"Baba, wannan ce takarda ta ƙarshe da ta rage. Kai ta ƙasa, ka saka a injin yanka takardu. Kada ka tsaya a hanya."

"Ranki ya daɗe, ni da tsayawa?"

Ƙafafunsa da kansu suka ci birki a gaban tagar. Ya kwance zare. Jerin ƙarin girma ne, da hatimi da komai. A layi na uku ya ga an ɗaga mataimakin daraktan sufuri zuwa darakta, shi kuma darakta mai ci an tura shi ɗakin ajiyar tsofaffin takardu. Mataimakin nan kuwa ba kowa ba ne, mijin 'yarsa ta fari ne, wanda ya shekara tara yana ɗaukar wa daraktan jaka yana haɗiye zagi.

Takardar dai ya yanka ta, wannan ba a ɗauki alhakinsa ba. Amma daga gaban injin bayan ɗakin janareta ya wuce, ya kira surukin nasa a waya ya sauko. Ya raɗa masa, ya ce ya riƙe a cikinsa.

"Baba, da idonka ka gani?"

"Yaro, ni nake ganin takarda kafin masu ita."

Daga nan sai teburin shayi. Ya ce shi bai ce komai ba, amma da shi ne wani mai kujera a sashen sufuri, da ya fara tattara kofunansa. Nan take aka tashi wani direba daga kujera mai jingina. Masinja ya zauna ya miƙe ƙafa, ya kira maiɗakinsa, ita ta kira 'yarta, 'yar ta kira tela a ɗinka kayan murna.

Shi kuwa suruki, cikinsa bai fi na masinja zurfi ba. Ya hau sama ya faɗa ofishin darakta ba ko ƙwanƙwasawa, ya fara auna taga da taƙi yana cewa labulen nan bai yi ba. Darakta ya ce ya je mota ya ɗauko masa jaka. Ya ce ai ƙafafunsu biyu-biyu ne, kowa ya yi amfani da nasa. Har ya ba shi shawara ya nemi takunkumi, don an ce ɗakin ajiya akwai ƙura.

Ƙarfe biyu bai yi ba aka aiko kiran masinja. Ya tarar da darakta a ofishin Sakatariya yana share gumi, suruki a tsaye a kusurwa kamar an jiƙa shi. Sakatariya ta ɗora yatsa a kan allonta ta juya masa. Majalisa yau gyaran gadoji kawai ta tattauna, ko kalmar ƙarin girma babu.

Ya yi ta maza ya ce wataƙila farantin ne ya yi yoyo, dama shi bai taɓa yarda da shi ba. Ta ce takardar nan ba ta taɓa shiga na'ura ba, ita ta buga ta da hannunta a tsohon tafireta. Ta ce shekara da shekaru sirrin majalisa yana riga ministoci fita, amma tun da aka koma allo ya tsaya cak, shi ya sa ta san a hannun masu ɗaukar takarda ɓarakar take.

"Mutum uku na ba fayil yau, Baba: mai buga takardu, da direba, da kai. Kowa da ƙaryar da na rubuta masa. Biyu sun mutu a cikin inji. Taka ce kaɗai ta fito da ƙafarta, ta sha shayi, ta hau sashen sufuri ta zagi darakta."

Ya tambaya me ya sa sai surukinsa.

"Abin da na san cikinka ba zai iya riƙewa ba na nemo."

Darakta ya miƙe, ya dubi mataimakin nasa, ya ce abin takaicin shi ne makon jiya ya aika sunan mataimakin da hannunsa don ƙarin girman watan gobe. Yanzu zai je ya janye. Jakar kuma, da kansa zai ɗauko.

To, ga abin da masinja ya tashi da shi. Makullin zauren majalisa, a nan ya ajiye shi a kan tebur. Kujera mai jingina ta koma wa direba. Ƙarin girman suruki ya bi ruwa, tela kuma ya riga ya yanka yadi. 'Yarsa ta yi wata guda ba ta taka gidan ba, maiɗakinsa tana ajiye masa abinci ba ta ce masa ci kanka. Sunan ma an rage masa, Kunne kawai ake cewa. Wata takwas da suka rage masa kafin ritaya kuwa a ɗakin ajiya ya yi su, da takunkumi a hanci, tsakanin jajayen fayiloli dubu-dubu. Babu mai hana shi kwance ko wanne, babu kuma mai tambayarsa abin da ke ciki.