Sunan da ke Bayan Hoto

Mai gyaran agogo bai san uwarsa ba, yana jinjiri ta rasu. Abin da ya gada hoto ɗaya ne, an rubuta a bayansa da fensir: Fari. Shekara sittin da bakwai yana kallon haruffan nan huɗu, bai taɓa jin an furta su ba. Ubansa "marigayiya" kawai yake cewa, har ya bi ta.

Takarda kuwa ba ta da murya. In ka ja "fa" ɗin, 'yar fari ce. In ka datse shi, ko farar mace ce, ko an haife ta a shekarar da ruwa ya ƙi sauka. Akwai ma fari masu cinye gona, amma wannan ba ya bari ya zauna masa a rai.

Wata safiya 'yarsa, ma'aikaciyar jinya, ta faɗo shagon.

"Baba, ajiye agogon nan. An kwantar da wata tsohuwa a ɗakinmu a asibiti. Na bi dangi da jikarta, ashe ƙanwar mahaifiyarka ce. Sai dai bakinta ya mutu."

"Hannu fa?"

"Na dama yana motsi."

Ya tafi da tabaran aiki a goshi. Ya durƙusa gaban gadon, ya nuna hoton, ya riƙe hannun.

"Inna, ni ne ɗan yayarki. Zan kira sunanta iri-iri. In na dace, ki matsa."

Ya ja, ya datse, ya ɗaga murya, ya sauke. Matar gadon kusa ta ce, "Malam, kaji kake kira ko karatu kake koya mata?"

Hannun bai motsa ba. Sai tsohuwar ta dubi hoton, rabin bakinta ya yi murmushi, ta juya idanu sama a hankali, irin yadda 'yan mata suke yi don jan hankali.

Ya miƙe zumbur. "Fari da ido! Kin gani? Daga nan sunan ya fito!"

'Yarsa tana riƙe da wuyan hannun tsohuwar, tana duban agogonta.

"Baba," ta ce, "haka ido yake yi idan rai zai fita."

Da ya koma shago, ya sa hoton ƙarƙashin gilashin da yake duba cikin agogo. Idanun uwarsa a tsaye suke, shi suke kallo. Ya buɗe baki zai kira ta.

"Marigayiya," ya ce.